Ku Tambaya Mu Amsa: Shelar Da Za Ta Tashi Mutum Daga Shimfiɗarsa

Tun da hadari ya fara haɗuwa a gabas bayan La'asar, wasiƙun da ke shigowa wannan fili suka karkata ga magana ɗaya: ruwa, iska, da yadda ake sanar da jama'a kafin su iso. Na zaɓi biyar. Ta farko ce za ta cinye mafi yawan filin, domin amsarta ta shafi sauran. Masu bin wannan shafi sun san na yi shekaru a ɗakin labarai na rediyo a nan Katsina ina mayar da sanarwar hukumomi zuwa Hausa, to daga can nake magana.

Daga wani mai unguwa a Daura: Assalamu alaikum. Bara aka turo mani wata doguwar takarda ta waya, da Turanci, wai ana fargabar ruwa mai yawa a yankinmu, aka ce in sanar da jama'a. Yarona ya karanta mani, na sa ladan ya faɗa bayan Magariba cewa a yi hattara da ruwa. Kowa ya ce Allah ya kiyaye, aka watse. Da malka ta zo, katangu suka zube a gidajen bakin kududdufi, Allah dai ya tsare ba a rasa rai ba. Bana ina son in yi abin da ya fi haka. Me zan ce, kuma yaya zan faɗe shi?

Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Ka isar da abin da aka ba ka, jama'arka kuma ba taurin kai suka yi maka ba. Wanda aka ce wa ya yi hattara da ruwa ba a ba shi aikin yi ba. Kaya zai kwashe? A zaune zai kwana? Yara zai kai gidan kakarsu? Tun da ba a faɗa mashi ba, addu'a ce kawai ta rage mashi, ya yi ta, ya koma gida.

Abu na farko, ka gane irin takardar da ke hannunka, domin ba duka ne ake shelarsu da murya ɗaya ba. A farkon kowace shekara hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen damina: lokacin da ake sa ran saukar ruwa, lokacin ɗaukewarsa, da inda za a iya samun tsaikonsa a tsakiya. Hukumar NIHSA mai lura da koguna ita ma takan fitar da jerin ƙananan hukumomin da take ganin ambaliya za ta iya shafa. Waɗannan maganar watanni ce. Amfaninsu shi ne a yashe lambatu, a gyara indararo, a yi wa katanga yaɓe, a tsayar da inda za a koma in ta ɓaci. Akwai kuma hasashen kwana uku da NiMet ke bayarwa, wanda ke cewa gobe ko jibi ana sa ran ruwa da iska a jihohi kaza. Na uku ba ya zuwa a takarda: idonka ne da na mutanenka, sa'ad da kududdufi ya cika ya fara tumbatsa cikin kwararo. Idan ka ɗauki ta watanni ka yi shelarta kamar daren yau ruwa zai ci gari, ka ɓata muryarka tun kafin ranar da kake buƙatarta.

Wasu masana biyu a Amurka, Dennis Mileti da John Sorensen, sun tattara binciken shekaru masu yawa kan yadda mutane ke karɓar gargaɗi, suka fitar da shi a 1990. Sun nuna cewa saƙon da ke sa mutum ya motsa yana amsa tambayoyi biyar: wa ke magana, me ke tafe, ina zai shafa, me za a yi, kuma yaushe. Sun kuma gano wani abu da duk mai unguwa ya sani ba tare da bincike ba. Mutane ba sa zabura su ruga da jin gargaɗi. Sai sun leƙa waje, sun tambayi maƙwabci, sun kira ɗan'uwa, sun ga ko wani ya fara fitar da kaya. A wannan tambaye-tambayen ne lokaci ke ƙurewa. Saƙo mai kyau shi ne wanda ya rage tambayoyin da za a tsaya yi.

Maganar wa ke magana, kai mutumin Daura ba sai an koya maka ba. Sankira bai taɓa fara shela da abin da aka aiko shi da shi ba, sai ya ce Sarki ya gaishe ku, kowa ya san daga ina maganar ta fito kafin ya ji ta. Ka yi haka. Ka ambaci kanka, ka ambaci inda ka samo labarin, kuma abin da ladan zai faɗa ya zama shi ne abin da liman zai faɗa, shi ne kuma abin da yaronka zai tura ta waya. Idan lasifikar wannan masallaci ta ce a koma makaranta, ta wancan ta ce a zauna a gida, to kowa zai zaɓi wadda ta fi mashi sauƙi.

Inda na fi son ka tsaya sosai shi ne wuri. Takardar hukuma takan tsaya a sunan ƙaramar hukuma, ba laifinta ba ne, daga nesa iyakar abin da ake iya gani ke nan. Amma ba wanda ke zaune a cikin "ƙaramar hukuma". Mutum a bayan makabarta yake, ko a layin masu ƙira, ko a gangaren da ke fuskantar kududdufi. Na kan tudu da na cikin kwari duk suna jin sunan gari ɗaya, kowannensu kuma yana ɗauka da ɗayan ake. Wannan aikin ba mai yi maka shi daga Abuja ko daga Katsina. Kai ka san gidajen da ruwa ya shiga bara, ka san kwalbatin da ke toshewa, ka san katangar da ta tsage tun bara waccan ba a gyara ba. Ka kira wuraren da sunan da yara ke kiransu: daga kwalbatin makabarta zuwa injin niƙa, duk gidajen da ke hannun kududdufi. Wanda ke ciki zai ji an taɓo shi. Wanda ba ya ciki zai san shi mai karɓar baƙi ne a daren.

Sai bayanin abin da ke tafe. Takardun nan suna auna ruwa da milimita, mutanenmu kuwa ba su taɓa sayen komai da milimita ba. Ga lissafin: milimita ɗaya na nufin lita ɗaya a kan fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya. Idan aka yi ruwan milimita 50 a kan gida mai mita 10 kowane gefe, lita 5,000 ne suka zubo mashi, jarka 200 ke nan mai cin lita 25. Ka ninka wannan da yawan gidajen unguwarka, ka tuna duk kwararo ɗaya za su bi. Wannan lissafin naka ne, domin ka san nauyin abin da ka karanta. Ga jama'a kuwa ka faɗi abin da ruwan zai yi: zai iya shiga ɗaki ya kai gwiwa, katangar ƙasa da ta riga ta sha ruwa za ta iya faɗuwa, kwalbati zai iya shafewa. A garuruwanmu sau da yawa ba igiyar ruwa ce ke kisa ba, gini ne ke ruftawa a kan masu barci bayan kwana biyu ana yayyafi. Saboda haka shelar malka dabam take da ta ruwa mai ƙarfi. A ta malka, abin faɗa shi ne kada kowa ya kwana a jikin bangon da ya tsage ko ya jiƙe, kuma a fitar da yara daga ɗakin da azararsa ta fara lanƙwasa.

Abin yi kuma kada ya wuce biyu, in ya yi yawa uku. Shela kamar aiken yaro kasuwa ce, idan ka lissafa mashi abu bakwai, biyu zai kawo maka, ba lallai su zama waɗanda ka fi buƙata ba. Kuma kada ka ce a tashi ba tare da ka ce a koma ina ba. "Ku koma kan tudu" ba ta isa ba. Wane tudun? Makarantar firamare ce? To wa ke riƙe da makullinta da daddare? Ta wace hanya za a bi da ba sai an tsallaka kwalbati ba? Waɗannan sai ka zauna da hedimasta da liman da shugaban matasa kun gama su tun yanzu, da izinin dagaci, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A kan tsallaka ruwa ka yi magana da ƙarfi, musamman ga 'yan acaɓa da masu Keke. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babban mutum, mai santimita 30 kuma yana iya ɗaukar ƙaramar mota.

Lokaci ka ɗaure shi da salla. Kafin Isha'i ta fi ƙarfe takwas shiga kunne, kuma tana da amfani na biyu: ladan zai sake maimaita shelar a daidai lokacin da wa'adin ya cika.

Idan ka haɗa su, ga irin abin da za a ji:

"Jama'a, Mai Unguwa na gaishe ku. Hukumar hasashen yanayi ta ce ana sa ran ruwa mai ƙarfi da iska a daren yau, kududdufi kuma ya riga ya cika. Duk gidajen da ke tsakanin kwalbatin makabarta da injin niƙa, ruwa zai iya shiga ɗakunanku. Ku kai mata da yara da tsofaffi makarantar firamare ta kan tudu kafin sallar Isha'i, an buɗe azuzuwa. Ku bi ta layin masallaci, kada kowa ya tsallaka kwalbati. 'Yan sintiri za su kwana suna gadin gidajenku. Za mu sake sanarwa bayan Asuba."

Kafin ka ba ladan, ka gwada ta. Ka karanta wa wata tsohuwa a gidanka sau ɗaya, ka roƙe ta ta je ta faɗa wa maƙwabciyarta, kai kuma ka tambayi maƙwabciyar abin da ta ji. Abin da ya isa kunne na biyu shi ne shelarka ta gaskiya. Idan wurin komawa ya faɗi a hanya, ka dawo da shi gaba, ka rage wani abu. Jimlar ƙarshe kuma ka cika ta. Mutanen da suka kwana a aji suna jiran wanda zai ce masu ku koma, ko ku ƙara jira. Idan ba wanda ya zo, da kansu za su koma, wataƙila cikin ɗakin da bangonsa ke shirin zubewa.

Daga wata malamar Islamiyyar matan aure, cikin birnin Katsina: Malam, duk sanarwar da ake yi a masallaci da majalisa ake yin ta, maza ke ji. Ɗalibaina da yawa mazajensu na fatauci ko suna ci-rani. Wata ta ce mani ko ta ji an ce a fita, ba za ta iya barin gida da dare ba tare da izinin maigidanta ba. Yaya za a yi da mu?

Malama, Allah ya saka maki da alheri, kin taɓo inda shela da yawa ke mutuwa. Ƙasar Bangladash ta sha wannan darasi da tsada. Guguwar teku ta 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000 a can. Ta 1991 ta kashe kusan 140,000, kuma mata sun fi maza yawa nesa ba kusa ba a cikin mamatan. Daga cikin dalilan akwai irin abin da ɗalibarki ta faɗa: labari ya tsaya a kasuwa da bakin hanya, matan da ya isa gare su kuma wasu sun zauna jiran mazajensu. Bayan haka suka ƙara gina mafaka, suka ƙara yawan masu aikin sa kai da ke bi gida-gida da lasifikar hannu, suka shigar da mata da yawa cikin aikin. Da guguwar Sidr mai tsananin ƙarfi ta zo a 2007, waɗanda suka rasu ba su kai 5,000 ba. Rai ɗaya ma asara ce, amma ki dubi tazarar.

Izinin nan a nemo shi tun rani. Ki tura wa limamin unguwarku ta hannun wanda ya dace, ya yi magana a huɗuba kafin ruwa ya kankama: kowane magidanci ya faɗa wa iyalinsa da bakinsa cewa idan aka yi shelar tashi ba ya nan, su fita, su tafi wuri kaza. Wanda ke Legas ko Fatakwal ya faɗa ta waya. Ita ma shelar ta ɗauki wannan a cikinta, a ce mata su fito da yara ko da maigida ba ya nan, an ware masu azuzuwansu dabam. Maganar azuzuwa dabam ba ƙaramar magana ba ce. Mace ba za ta kwashi 'yan matanta ta kai su kwana inda ba ta san yadda za a kwanta ba.

Ku kuma kuna da hanyar da ta fi lasifika shiga lungu. Ke kanki, ungozoma, uwar adashi, mai kitso, duk kuna shiga ɗakin da ladan ba ya shiga. A raba layuka, kowace ta san gidaje biyar ko shida da ke wuyanta. A cikin lissafin a sa waɗanda lasifika ba ta yi masu amfani ko kaɗan: kurma, tsohon da ba ya iya tashi, mai jego, da almajiran da ke kwana a zaure ko a gindin katanga, waɗanda sau da yawa ba sa cikin ƙidayar kowane gida. A je wa malaminsu tun da wuri.

Ina nanata ƙwanƙwasa ƙofa saboda Jibiya. Ruwan da ya yi ɓarna a can a watan Yuli na 2018 cikin dare ya sauka, mutane na barci. Fiye da mutum 40 suka rasu, an tsinci wasu gawarwakin a cikin Jamhuriyar Nijar. Allah ya jiƙansu. A irin wannan dare waya na kashe ko tana wurin caji, ƙarar ruwa a kan kwano kuma ta danne lasifika. Hannu a jikin ƙofa ne ke tashin mutum.

Daga wani matashi mai shagon cajin waya, Ƙofar Ƙaura: Baba, ni ke kula da zauren WhatsApp na matasan layinmu. Tun da madatsar Alau ta ɓalle a Maiduguri, kowace damina sai an turo saƙon murya wai dam ya fashe, a gudu. Yaya zan gane na gaskiya, kuma yaya zan rubuta nawa?

Ɗana, tsoron mutane yana da tushe, abin da ya faru a Maiduguri a watan Satumba na 2024 ba wanda ya manta. Amma ka saurari saƙon da kyau. Wane dam? Zoɓe ne na Dutsin-ma, ko na Jibiya, ko Sabke? Wace rana? Wa ke magana? Saƙon ƙarya kusan kullum ba shi da suna, ba shi da kwanan wata, ba shi da wuri, sai kuka da "ku tura wa kowa". Rashin kwanan watan ne ke ba shi damar dawowa kowace shekara. Kada ka tura, kada kuma ka yi shiru. Ka kira mai unguwa ko wani da ka sani a garin da aka ambata, ka kunna rediyo, sannan ka rubuta wa mutanenka abin da ka tabbatar da wanda ka ji daga gare shi.

Naka kuma ka fara shi da rana da sunan unguwa, da bakinka, a cikin muryar kanta, domin ko an tura shi Funtuwa bayan shekara biyu a gane ba nasu ba ne. Kada ya wuce rabin minti. Ka tuna da masu ƙaramar waya, su saƙon tes ke isa gare su, kuma yana shiga ko da intanet ta ɗauke. Tes ɗaya harafi 160 yake ɗauka. Amma da zarar ka sa harafi mai lanƙwasa irin ƙ ko ɗ ko ɓ, sai ya koma 70, saƙon ya rabu gida-gida, a wasu ƙananan wayoyi ma haruffan su fito a matsayin akwatuna. Ni mai son a rubuta Hausa daidai ne, amma a tes na gaggawa ka bar lanƙwasar. Misali: "Daga Mai Unguwa: Ruwa mai karfi yau da dare. Gidajen bakin kududdufi ku koma firamare ta kan tudu kafin Isha'i. Kada a tsallaka kwalbati. Agaji: 112". Wannan bai cika 160 ba. Lambar 112 ita ce ta kiran gaggawa a Najeriya, amma ka tanadi lambar wani na kusa da zai iya isowa da ƙafa.

Daga wani manomi a Mai'aduwa: An taɓa ce mana za a yi ruwa mai ɓarna, na kwashe buhunan gero na kai gidan ƙanena, ko ɗigo ba a yi ba, aka yi ta yi mani dariya. Wasu kuma na cewa wannan hasashe shiga gaibu ne. Wa zai sake yarda?

Malam, geronka na nan lafiya, kuma da ruwan ya zo da kai ne za a zo wa aron hatsi. Ruwan ƙasarmu a tsittsinke yake zuba. A nan birni sai a yi shi kamar da bakin ƙwarya a Ƙofar Guga, a Ƙofar Sauri ƙasa a bushe. Mai hasashe na iya ganin hadari mai nauyi zai ratsa yankin Daura, amma ba zai iya rantsuwa a kan gonar wane zai sauke ba. Gyaran yana wurin mai shela. Ya faɗi gaskiyar abin da aka sani: ana sa ran, zai iya sauka a kanmu, zai iya wucewa, amma in ya sauka ga abin da zai yi. Washegari kuma ya dawo ya yi bayani: hadarin jiya ya bi ta arewa da mu, ya sauka a wuri kaza, mun gode wa waɗanda suka tashi, haka za mu sake yi. Abin da ke kashe amana shi ne a tashi mutane sannan a yi gum kamar ba a yi ba.

Yana kuma taimakawa a yi wa gargaɗi hawa-hawa, kada kowane hadari ya zama na gudu. Faransa ta fara amfani da launi huɗu a 2001, kore, rawaya, ruwan lemo da ja, bayan guguwar da ta yi masu ɓarna a ƙarshen 1999, ƙasashe da yawa kuma suka bi. Launi yana aiki a talabijin da fuskar waya, ba ya fita ta lasifika. Mu kalmomi uku sun ishe mu, a yarda da su a gaban dagaci, kada a riƙa canza su: ku shirya, ku zauna da shiri, ku tashi. Ta ukun a adana ta, kada a taɓa ta sai da dalili.

Maganar gaibu kuwa, kai da kanka idan ka ga hadari ya yi baƙi a gabas, iska ta juya, kana cewa yara su kwashe shanya, ba wanda ya ce ka shiga gaibu. Na'urorinsu wannan kallon suke yi daga sama, su hango shi tun yana nesa. Sayyidina Umar, Allah ya ƙara mashi yarda, da ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da mutanensa, aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ka roƙi limaminku ya yi wa jama'a wannan bayani, daga bakinsa zai fi shiga. Mai shela kuma ya ce in Allah ya so, domin haka muke magana kuma haka gaskiya take, amma ya biyo ta da wurin da za a koma.

Daga wani mai horar da yara ƙwallo, Katsina: Me zan faɗa wa yara game da tsawa? Da an fara yayyafi sai su ruga gindin bishiya.

Malam, jimla ɗaya za ka koya masu har su haddace: in kun ji tsawa, ku shiga gini. Gindin bishiya na daga cikin wurare mafi haɗari, haka tsakiyar fili, haka jikin turken raga na ƙarfe, rumfar da ba ta da bango ita ma ba mafaka ba ce. Ginin da ke da rufi da bango, ko mota mai rufin ƙarfe an ɗaga gilasanta, su ne wurin fakewa. Kada ka jira yayyafi, aradu na iya faɗuwa kafin ɗigon farko. Ƙarar tsawa na cin kilomita ɗaya cikin daƙiƙa uku, saboda haka in kana jin ta, ta isa kusa da za ta same ku. Ka zaɓi busa ɗaya ta usur da ba ka amfani da ita a wasa, doguwa sau uku, su san ma'anarta a bar ƙwallo inda take a nufi ajin da ka nuna masu tun ranar farko. Kada a koma fili sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba. Wannan bayanin ka ba yaran su kai gida, domin ƙannensu masu kiwo da iyayensu da ke gona sun fi su zama a fili lokacin hadari.